Tun Ran Gini Ran Zane: A Bar Ɗaliban Tsara Gine-gine Su Fita da Fensirinsu

Gabatarwa

Wataƙila mai karatu ya yi mamakin tarar da maganar gini da fensir a cikin mujallar da aka saba cika ta da nazarin waƙa da nahawu da karin magana. Dalili kuwa shi ne, a zangon karatun da ya wuce Allah ya haɗa ni ɗaki ɗaya da wani ɗalibi na Sashen Tsara Gine-gine, watau waɗanda ake koya wa fitar da siffar gida a takarda kafin magina su sa hannu. Kowace Asabar da sassafe sai in ga ya ɗauki ɗan allon katako da littafin zane da fensirori, ya kifa malafa ya fita, ba ya komowa sai bayan la'asar, ya yi buɗu-buɗu da ƙura. Da na tambaye shi inda yake zuwa, sai ya ce darasi ne suke da shi wanda ba a yin sa a aji. Malaminsu kan kwashe su zuwa cikin birni, ko kasuwa, ko bakin ganuwa, kowa ya nemi inuwa ya zauna ya zana abin da idonsa ya gane masa.

Da fari na ɗauki abin yawon shan iska ne aka laƙaba masa sunan karatu. Amma da yake gani ya kori ji, sai na roƙi malamin ya bar ni in bi su, ya kuwa yarda, na bi su har sau huɗu. Ana cikin haka sai na ji ɗaliban suna zancen cewa akwai masu ganin lokacin wannan darasi ya wuce, gara a mayar da sa'o'insa ɗakin kwamfuta. Manufar wannan 'yar maƙala ita ce in bayyana ra'ayina game da haka. A ganina, wanda za a danƙa wa amanar tsara muhallin jama'a ba shi da darasin da ya fi wannan muhimmanci, domin a nan ne kaɗai ake tilasta masa ya zauna ya dubi yadda mutane suke zaune tun kafin ya fara yi musu shawara.

Yadda Darasin Yake

Kayan aikin ba su da yawa: littafi mai farar takarda, da fensir mai taushi da mai tauri, da alƙalamin tawada, da igiyar awo guda ɗaya tsakanin mutum uku ko huɗu. Malamin ya hana abin gogewa a makonnin farko, wai don kowa ya riƙa ganin kuskurensa a gabansa. Idan an isa wuri, sai a fara da zanen gaggawa na minti biyar biyar, don hannu ya saki, sa'an nan kowa ya zaɓi gini ɗaya ya zauna masa sa'a biyu ko uku.

A nan na ga dabarun da ban taɓa sani ba. Ɗalibi kan miƙe hannunsa sosai da fensir a tsaye, ya rufe ido ɗaya, ya auna tsawon ƙofa da babban yatsansa a jikin fensirin, sa'an nan ya ƙirga ƙofa nawa za a ɗora kafin a kai rawanin soro. Da haka yake samun daidaiton sassan gini ba tare da ya hau tsani ba. Hausawa dai sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Akan kuma ja layi ɗaya a takarda daidai tsayin idon mai zane, domin duk layukan bangon da ke nesanta daga gare shi can suke nufa su haɗu, na sama suna gangarowa, na ƙasa suna hawa. Bayan wannan sai a taka faɗin wurin da ƙafa ana ƙirgawa, a zana shimfiɗarsa kamar an ɗauke rufi ana leƙowa daga sama, a kuma zana shi kamar an yanka shi da wuƙa daga rufi zuwa daɓe, yadda kaurin bango zai fito. A gefen takarda dole a rubuta rana da lokaci da inda gabas take, saboda inuwar hantsi dabam take da ta la'asar. In an tashi, sai a baje littattafan a ƙasa, kowa ya ga na kowa, malami ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tambaya.

Abin da Ya Faru a Ƙofar Wani Zaure

Ranar da ra'ayina ya sauya ita ce fita ta biyu. Mun zauna a wata tsohuwar unguwa cikin birni, abokin ɗakina yana zana wani zaure na ƙasa mai zankwaye. Ya gama fuskar zauren ta yi kyau ƙwarai, ya shiga ya taka cikinsa, ya fito ya zana shimfiɗarsa. Akwai wani dattijo zaune a kan dakali yana kallonmu tun da muka zo, ashe tsohon magini ne. Ya ce a miƙo masa littafin. Ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya ce, "Samari, hannunka yana da kyau, amma wannan gida naka ba shi da kunya."

Abokina ya ce, "Baba, me na yi?"

Dattijon ya ɗora yatsa a kan takarda ya ce, "Ka sa ƙofar ciki ta dubi ƙofar waje. In haka take, ai duk mai wucewa a hanya sai ya hango matan gida suna daka. Koma ka duba."

Muka koma tare. Lalle kuwa ƙofar da ke shiga cikin gida tana can gefe guda, ta kauce wa ta waje, har mai shiga sai ya karkata kafin ya same ta. Abokina ya shiga zauren nan da ƙafarsa, ya bi ta gaban ƙofar, amma da ya zo zane sai hannunsa ya bi abin da ya saba gani a littattafan aji, inda ƙofa ke fuskantar ƙofa. Watau ya zana abin da ke cikin kansa, ya bar abin da ke gabansa. Da malamin ya ji labari, bai yi faɗa ba, cewa ya yi kada a yage shafin, a sake zanen a shafi na gaba, a bar su biyun suna duban juna.

Wannan shi ne kan maganata. Da hoto abokina ya ɗauka da wayarsa, da hoton ya fito daidai, ƙofa tana inda take, shi kuwa ya tafi da kuskurensa a ka ba wanda ya sani, har ranar da za a ba shi aikin gidan wani. Zane ne ya tono kuskuren ya ajiye shi a fili inda tsoho zai iya ɗora masa yatsa. Na'urar ɗaukar hoto takan kwashe kome a ƙiftawar ido ba tare da mai ita ya fahimci kome ba. Mai fensir kuwa ba shi da ikon ja layi ɗaya sai ya yanke shawara a kan inda layin ya faro da inda ya tsaya, kuma kowace shawara tambaya ce: me ya sa wannan abu yake nan?

Tambayoyin da Bango ke Amsawa

Wanda ya zauna sa'a uku gaban ginin ƙasa yana zana shi, dole ya lura bangon ya fi kauri a gindi, yana sirancewa yayin da yake hawa. In ya tambaya, sai a gaya masa da tubali aka yi shi, irin mulmulallen nan mai kai kamar ƙoƙon goriba, ana jera shi ana cike tsakaninsa da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, kuma gindin ne ke ɗauke da nauyin duka. In ya shiga ciki da azahar ya ji sanyi, sai ya gane kaurin nan yana tsare zafin rana ya hana shi ratsowa da wuri, ba ya isowa ciki sai dare ya yi, lokacin da gari ya huce. Zai lura tagogi ƙanana ne kuma suna can sama, saboda ƙurar hunturu da ƙyallin rana da idon mai wucewa. Zai ga indararo ya yi tsawo ya zarce bango, don ruwan rufi ya zuba nesa da gindin gini. Zai ga dakalin da muke ɗauka wurin hira ne kawai yana kuma tare gindin bango daga zaizayar ruwa.

Haka nan in ya ɗaga kai cikin soro ya ga bakan gizo. A hoto, bakan gizo ba shi da bambanci da bakan dutse irin na ƙasashen Larabawa da Turawa, alhali kuwa aikinsu ba ɗaya ba ne. Namu azara ce a cikinsa, wadda ake tsagawa daga itacen giginya saboda ƙarfinta da kuma yadda gara ba ta cin ta da sauƙi. Azara ɗaya ba ta iya ɗaukar rufin ƙasa in faɗin ya wuce kimanin mita biyu, don haka magina suka yi dabarar kafa ta cikin bango daga ɓangarorin biyu, suna ɗaura wata bisa wata, kowace tana ɗan zarce ta ƙasanta, har su haɗu a tsakiya, sa'an nan a lulluɓe da ƙasa. In bakuna suka gicciye juna suka ɗauki rufi mai tulluwa, shi ne ɗaurin guga. Da wannan hikima Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Har yau akwai unguwa a birnin Zariya da ake kira da sunan Babban Gwani. Ɗalibin da bai taɓa zama ƙarƙashin irin wannan rufi yana bin kowane baka da fensir ba, yaya za a yi ya san cewa ƙasarsa ta warware matsalar rufe babban ɗaki ba da ƙarfe ko siminti ba?

Sakamakon rashin wannan zama kuwa muna ganinsa a sababbin unguwanninmu. Sai ka ga gida an kashe masa dukiya, amma an buɗe masa manyan tagogin gilashi suna duban yamma, da la'asar ɗaki ya zama tanda, ba mai iya zama sai da na'urar sanyaya ɗaki, a garin da wutar lantarki ba ta da tabbas. Sai ka ga ƙofar waje ta buɗe kai tsaye cikin falo, baƙo na shigowa iyali na watsewa, har maigida ya gaji ya kira birkila ya yi masa 'yar katanga a gaban ƙofa, ko ya rataya asabari. Wannan katanga ta biyu zaure ce aka manta da ita a takarda, rayuwa ta dawo da ita da kuɗin maigida.

Ba Yau Aka Fara Ba

Masu ganin fita zane wasa ne ya kamata su waiwayi tarihi. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya shiga Agadas a 1850, ya iso Kano a 1851. Ya hau Dala ya zana birnin yadda ya hango shi, ya kuma fitar da taswirarsa. Zane-zanen da aka buga cikin littafin tafiyarsa suna daga cikin 'yan abubuwan da muke da su a yau masu nuna kamannin garuruwan nan a wancan zamani. Bayansa da shekara ɗari da 'yan kai, wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya shafe shekaru yana zagaya Nijeriya da mataimakansa suna auna gine-ginen gargajiya suna zana su. Aikinsa ne ya haifar da gidan adana gine-ginen gargajiya da ke Jos, inda aka gina kwatankwacin Masallacin Zariya da wani yanki na ganuwar Kano. Ya rasu a 1982, aka buga littafinsa cikin juzu'i uku a 1990.

Su ma manyan masu tsara gine-ginen zamani ta wannan hanya suka bi. Le Corbusier, wanda ɗalibai ke haddace sunansa tun shekarar farko, ya yi wata doguwar tafiya a 1911 ta Istambul da Girka da Italiya, yana cika littattafai da zanen abin da ya gani, tun bai zama kowa ba. Hasan Fathi na Masar kuwa sai da ya tafi yankin Aswan a 1941 ya ga yadda maginan Nuba ke rufa ɗaki da tubalin ƙasa ba tare da katakon tallafi ba, sa'an nan ya sami hanyar da ya bi ya gina ƙauyen Sabuwar Gurna. Abin lura a nan shi ne, baƙi sun zo daga nesa sun zauna cikin ƙurarmu sun zana gidajen kakanninmu. Sashen koyar da tsara gine-gine mafi daɗewa a Nijeriya ya taso daga Ibadan ya zauna a Zariya tun 1955, kafin ma a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Abin kunya ne a ce bayan wannan tsawon zamani ɗalibin da aka haifa a gindin ganuwa sai ya buɗe littafin baƙo kafin ya san yadda zauren gidansu yake.

Ga kuma wani hanzari. Abin da za a zana ɗin ba jiranmu yake ba. Tsohon Masallacin Juma'a na Kano na ƙasa an rushe shi aka gina na yanzu a wajejen 1950. Na Zariya, a shekarun 1970 aka kewaye abin da ya saura na aikin Babban Gwani da sabon gini. A 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa ta Kano saboda faɗaɗa hanya, aka sake ta da kayan zamani. Waɗannan sanannu ke nan da aka yi labarinsu. Zaurukan talakawa da sorayen attajiran dā waɗanda kowace damina ke kayarwa, ko magada su sayar a yi shaguna, ba mai lissafinsu. Kowane littafin zane da ɗalibi ya cika a bana, wataƙila nan da shekara ashirin shi ne kaɗai shaidar cewa an taɓa yin wannan gini.

Hujjojin Masu Suka

Adalci ne a saurari masu ganin a rage darasin, domin ba duka maganarsu ce ta banza ba. Hujjarsu ta farko ita ce, yau ba ofishin da zai ɗauki mai tsara gini in bai iya kwamfuta ba, kuma manhaja irin su AutoCAD, wadda ta fito tun 1982, tana yin aikin mako guda a yini ɗaya. Wannan gaskiya ne, ni ma ban ce a ajiye kwamfuta ba. Sai dai kwamfuta tana zana abin da aka gaya mata ne. In wanda ke gabanta bai san dalilin da ƙofar zaure ta kauce ba, za ta fitar masa da gida marar kunya cikin sauri da tsabta, ta kuma maimaita shi sau ɗari biyar in rukunin gidaje ake ginawa. Saurin alƙalami ba ya gyara rubutun wanda bai iya karatu ba.

Hujja ta biyu ita ce kuɗin mota da halin tsaro, musamman yadda hanyoyi da dama a Arewa suka zama abin tsoro a 'yan shekarun nan. Wannan ma ba a musa shi, kuma ba mai hankalin da zai ce a jefa ɗalibai cikin hatsari saboda zane. To amma wa ya ce sai an yi doguwar tafiya? Jami'o'inmu da yawa suna zaune ne a gefen tsofaffin birane. Ɗalibin Kano yana da Gidan Makama da Kasuwar Kurmi da marinar Ƙofar Mata. Na Katsina yana da hasumiyar Gobarau. Na Damagaram yana da unguwar Birni da gidan Sarki. Kuɗin motar haya zuwa cikin gari bai kai na tawadar buga manyan takardun zane ba.

Hujja ta uku ita ce wadda ta fi zurfi. Suna cewa ginin ƙasa ya zama tarihi, jama'a bulo da kwano suke so, don me za a ɓata lokacin ɗalibi a kan abin da ba mai ba shi kwangilarsa? Amsa ta farko, darasin ba na ginin ƙasa kaɗai ba ne. Na ga an sa su zana tashar mota da rumfunan 'yan tireda, don su ga inda mutane ke tsayawa da inda suke gudu, da yadda mai shayi ke zaɓen wurin kafa teburinsa. Amsa ta biyu, duniya ba ta yarda ƙasa ta zama tarihi ba. Masallacin Yama da ke jihar Tawa a Nijar, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962, ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. An sa tsohon garin Agadas cikin wuraren tarihi na duniya a 2013, da hasumiyarsa ta ƙasa mai tsawon mita 27. A garin Dandaji, Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta sun mayar da tsohon masallaci ɗakin karatu, suka gina sabo da tubalin ƙasa matsattse, aka gama a 2018. Francis Kéré na Burkina Faso, wanda ya fara suna da makarantar firamare ta ƙasa a ƙauyensu Gando, ya karɓi lambar Pritzker a 2022, wadda ita ce mafi girma a wannan fanni. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai wanda ya san inda aka ajiye ta.

Akwai kuma ɗaliban da ke cewa su Allah bai ba su hannun zane ba. Waɗannan sun ɗauka ana neman zanen da za a rataya a bango ne. Zanen abokina na farko ya fi na biyu kyau, amma na biyun ne daidai. Abin da ake nema shi ne a ga alamar mutum ya duba, kuma duba abu ne da ake koyo kamar yadda ake koyon karatu.

Inda Darasin ke Bukatar Gyara

Duk da goyon bayan da nake ba wannan darasi, na ga wani giɓi a cikinsa wanda ya shafe mu mu ɗaliban harshe. Da na duba littattafan ɗaliban, sai na tarar duk bayanin da suke rubutawa a gefen zane da Turanci ne, kuma sau da yawa kalmar Turancin ba ta dace da abin ba. Zaure da soro da shigifa duk suna ɗaya suke ba su. Yaɓen makuba, wanda ake yi da ɓawon 'ya'yan ɗorawa, da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara don ya tsare ruwa, duk sun zama abu ɗaya a alƙalaminsu. Dattijon nan da na ambata ya lissafa mana sunayen sassan rufi fiye da yadda na iya riƙewa, ni da nake taƙama da karatun Hausa, kuma ya ce 'ya'yansa ba wanda ya gaji sana'ar. Ranar da irinsa suka ƙare, ginin zai tafi da sunayensa, wanda ya rasa sunan abu kuwa ya rasa hanyar tambaya a kansa.

Saboda haka ina ba da shawarwari kamar haka. Na farko, a bar darasin a matsayin wajibi tun daga shekarar farko, a kuma ba shi maki mai nauyi, domin ɗalibi ba ya girmama abin da ba a auna shi da shi. Na biyu, a riƙa fita rani da damina, saboda wanda bai ga indararo yana zuba ba bai gama ganinsa ba. Na uku, a riƙa haɗa ɗaliban Sashen Hausa da na Tsara Gine-gine a fita ɗaya, wannan yana zane, wancan yana rubuta sunan kowane sashe da bayaninsa daga bakin magini, a haɗa su a shafi guda. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na huɗu, a nemi Sarkin Magina da mutanensa a ɗauke su a matsayin malamai na wannan rana, a kuma biya su haƙƙinsu, kada a maishe su abin kallo. Na biyar, a bi ta hannun mai unguwa kafin a zauna ƙofar gidan kowa, kuma a tuna cikin gida ba wurin shigar kowane namiji ba ne. A nan ɗalibai mata suke da damar da maza ba su da ita, su ne za su iya zana tsakar gida da madafa da rijiya da jeren ɗaki, watau rabin gidan Bahaushe da littattafan baƙi suka fi taƙaitawa a kansa. Na shida, a ajiye kwafin kowane littafi a ɗakin karatu na jami'a da kwanan wata da sunan unguwa.

Kammalawa

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane, domin adon bango ana yin sa ne tun yaɓe yana ɗanye, in ya bushe sai dai a kankare. Haka idon ɗalibi yake. In ba a koya masa zama ya duba tun yana shekarar farko ba, ranar da ya zama babban ma'aikaci mai mota da ofis ba zai sauko ya zauna a dakalin kowa ba, mu kuwa da 'ya'yanmu mu ne za mu kwana cikin abin da ya zana. Ina roƙon malamanmu na sassan biyu su dubi wannan magana da idon basira, su zauna su tsara fita ɗaya ta gwaji a zango mai zuwa. Ni dai na riga na sayi littafina, kuma dattijon nan ya ce in mun tashi komawa mu zo da hantsi, kafin rana ta kore shi daga dakali. Wanda yake da ja a kan abin da na faɗa, shafukan mujallar nan a buɗe suke gare shi. Allah ya sa mu dace, amin.